Nono Ya Kawo, Babu Kwikwiyo: Yadda Cikin Ƙarya Ke Rikita Masu Kiwon Karnuka a Jos

Wata biyu bayan karya ta ga jininta na farko, gida yakan shiga lissafi. Nononta ya cika, wani lokaci har yana ɗiga. Ta rage cin abinci, tana tona rami a bayan ɗaki ko ƙarƙashin tankin ruwa, tana jan tsumma da buhu tana shimfiɗawa. Ta ɗauke silifas ɗin yaro ta kwanta a kai, duk wanda ya miƙa hannu ta yi masa gurnani. Mai ita ya duba ya ce ai ta kusa. Idan mai kiwon sayarwa ne, ya riga ya ɗora hotonta a WhatsApp, wasu har sun ba da kafin alƙalami. Mako ya wuce, na biyu ya bi shi, nono ya fara janyewa, karya ta karkaɗe jiki ta koma harkarta, babu kwikwiyo ko ɗaya.

Daga nan sai zargi ya tashi. Wani ya ce namijin da aka kai ta wurinsa ba ya haihuwa. Wani ya ce ta haihu cikin dare ta cinye. Wani ya kafa wa yaron gida ido, wai shi ya kwashe ya sayar. Wani kuma ya ce baki ne ya kama ta. A mafi yawan lokuta babu ko ɗaya da yake gaskiya. Abin da ya faru shi ne cikin ƙarya, wanda likitocin dabbobi suka daɗe da sani, suka kuma san dalilinsa. Ba cuta ba ce, ba alamar juya ba ce, kuma ido kaɗai ba ya iya raba shi da cikin gaskiya.

Garin da kare ya zama jari

Ba banza ba wannan magana ta fi zafi a Jos. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma sanyinsa ya dace da manyan karnukan waje waɗanda zafin Kano ko Sakkwato ke galabaitarwa: Kokeshiyan mai tarin gashi, Jaman Shefad, Rotwaila, da Bowabul na Afirka ta Kudu. Daga Rayfield zuwa Bukuru, matasa da dama sun mai da bayan gidajensu wurin kiwo, masu saye kuma suna aikowa daga Abuja, Legas da Fatakwal. Garin da ya sha fama da tashin hankali tun daga Satumbar 2001 ya san darajar gadi, don haka kasuwar cikin gida ma ba ta mutu ba. A gefe guda ga mafarauta da makiyaya da manoman lambu, waɗanda ke riƙe da karnukan gida don aikin da malamai suka yarda a ajiye kare dominsa.

Inda kwikwiyo ɗaya na kare mai asali zai iya biyan kuɗin makarantar yaro, kowane ciki lissafin kuɗi ne. Mai karya yakan biya mai namiji kuɗin barbara, ko su yi yarjejeniya mai namiji ya zaɓi ɗaya daga cikin abin da aka haifa. In aka wayi gari babu komai, abota takan ɓaci. Ita kuwa karyar da aka yanke wa hukuncin cewa ba ta haihuwa, ko ta lalace da faɗa, ba ta da tabbas. A jihar da ke da babbar kasuwar karnuka ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke, da kuma wadda ke Bukuru, rabuwa da kare ba ya wuya.

Abin takaicin shi ne ilimin yana nan kusa. A Vom, kudu da Jos, akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda ta kafu a can tun 1924 lokacin yaƙi da cutar bushiya ta shanu, kuma kusa da ita akwai kwalejojin tarayya masu horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Jami'ar Jos na da tsangayar likitancin dabbobi. Asibitocin dabbobi na gwamnati da na kuɗi suna cikin gari. Da wuya a sami wani yanki a Arewa da ya tara masana wannan fanni kamar Filato. Duk da haka mai kare ya fi saurin tambayar abokinsa kafin ya tambayi likita.

Abin da ke gudana a cikin jiki

Karya takan fara neman barbara tana da wata 6 zuwa 12. Manyan iri sukan makara, wasu sai sun kai wata 18 ko ma shekara 2. Abin yakan fara da kumburin gaba da ɗigon jini na kimanin kwana 9, lokacin da maza ke zarya amma ita tana korarsu. Sai wasu kwanakin kimanin 9 su biyo baya, jinin ya tsinke ya yi fari-fari, ta tsaya wa namiji tana kau da wutsiya gefe. A wannan zangon ne ƙwayayen haihuwa ke saukowa. Waɗannan kwanaki ba ƙa'ida ba ce mai tsauri, wata ta gajarta, wata ta tsawaita. Yawancin karnuka suna maimaita wannan kusan duk wata 6 ko 7.

Sirrin yana cikin abin da ke biyo baya. Da zarar ƙwai sun sauka, gurbin da suka bari a ma'ajiyarsu yakan fara fitar da wani sinadari mai suna furojestaron, wanda aikinsa shi ne riƙe ciki. A jikin saniya, idan ba ta ɗauka ba, mahaifa kan aika saƙo a rufe wannan aiki, bayan kimanin kwana 21 ta sake neman sa. Karya ba ta da wannan tsari. Ko an yi mata barbara ko ba a yi ba, ko ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba, furojestaron zai zauna a jininta kimanin wata 2, kusan daidai da tsawon cikin gaskiya. Jikin kamar matar da ta ji ƙishin-ƙishin baƙi na tafe ne: ta ɗora tukunya ta share ɗaki, ba ta jira ta ji sallama ba.

A ƙarshen wata biyun furojestaron ya sauka, wani sinadarin mai suna furolaktin ya hau. Shi ne mai kawo nono, shi ne kuma mai tayar da halin uwa. A jikin mai ciki wannan canji yana zuwa daidai da haihuwa. A jikin marar ciki ma yana zuwa, sai dai babu wanda za a shayar. Saboda haka kowace karya da ba a yi wa tiyatar hana haihuwa ba tana ratsa wannan zango bayan kowane jini. Bambancin kawai shi ne wata ba a ganin komai a jikinta, wata kuwa sai ta nuna har a rantse ciki ne.

Alamun sukan bayyana mako 6 zuwa 12 bayan jinin. Akwai cikar nono da ruwan nono, ɗan tasowar ciki, rashin son abinci, kasala ko rashin natsuwa, kuka, tonon rami, da renon duk abin da ta samu. Wata har takan yi nishi kamar mai naƙuda. Yawanci komai yakan lafa da kansa cikin mako 2 zuwa 3. Wadda ta taɓa yi tana iya maimaitawa a jini na gaba, kuma wannan bai hana ta ɗaukar cikin gaskiya ba.

Masana halayyar dabbobi da yawa suna ganin gado ne daga daji. Dangin kare irin su kyarkeci suna rayuwa cikin garke, kuma galibi babbar mace ɗaya ce ke haihuwa. Idan sauran matan garken ma nononsu ya kawo a lokaci guda, 'ya'yan sun sami masu reno ko da uwar ta tafi farauta ko ta mutu. Abin da ke zama ruɗani a tsakar gida, a daji taimakon juna ne.

Kalanda kafin ido

Tambayar da likitocin dabbobi suka saba ji ita ce, "Likita, duba min ita, nawa za ta haifa?" Shi kuma abin da zai fara nema shi ne kwanan wata: yaushe aka fara ganin jini, yaushe aka haɗa ta da namiji. Mutane kaɗan ne ke zuwa da amsa a rubuce.

Cikin karya yana ɗaukar kimanin kwana 63 daga saukar ƙwai. Amma in daga ranar barbara aka ƙirga, haihuwa na iya faɗowa tsakanin kwana 58 da 68, domin maniyyin kare yana iya rayuwa kusan mako guda a jikin mace yana jiran ƙwai. Wannan dalilin ne ma ya sa haihuwa ɗaya kan iya zuwa da uba fiye da ɗaya. Wanda ya biya kuɗin namiji mai asali, sannan ya bar karen unguwa ya tsallako katanga washegari, zai iya ganin 'ya'ya iri biyu. Haka kuma wanda ya ce "ai ba ta taɓa fita ba" bai kamata ya saki jiki ba. Namijin da ya ji ƙanshi ba ya tsoron katanga.

Hanyoyin tabbatarwa sanannu ne. Daga kwana 25 zuwa 30 bayan barbara, na'urar sikanin tana nuna 'yan tayi har da bugun zuciyarsu. Ita ce hanya mafi gamsarwa, domin tana faɗin ko suna raye, tana kuma nuna halin da mahaifa ke ciki. A wajen wannan lokacin ne ƙwararren likita kan iya lalubo su da hannu, amma wannan aikinsa ne shi kaɗai, mai matsa cikin karya da ƙarfi a gida yana iya jawo ɓari. Akwai gwajin jini mai neman sinadarin rilaksin, wanda mabiyiya ce ke fitar da shi, don haka ba a samunsa a cikin ƙarya. Shi ma sai an kusa kwana 30 yake da tabbas. Bayan kwana 45 ƙasusuwan 'yan tayi sun yi ƙwarin da hoton ƙashi zai nuna su, kuma a makon ƙarshe shi ne ya fi dacewa da ƙirga yawansu.

Abu biyu ba sa aiki. Tsinken gwajin ciki na mata da ake saya a kemis yana neman wani sinadari ne da jikin ɗan Adam ke yi, karya ba ta yinsa, saboda haka kullum zai ce babu. Auna furojestaron kuma yana taimakawa wajen sanin ranar da ta dace a haɗa su, amma ba ya faɗin ciki, tunda mai ciki da marar ciki duk suna da shi.

Ciki na uku da na huɗu

Ba duk karyar da ta tashi hannu wofi ce ta yi cikin ƙarya ba. Bayan cikin gaskiya da na ƙarya, akwai na uku: wata takan ɗauka da gaske, 'yan tayin su mutu da wuri, jiki ya tsotse su ba tare da an ga jini ko wani abu ya fito ba. Wannan yakan faru a farkon rabin ciki. In ya maimaitu, ko aka ga ɓari a wajen kwana 45 zuwa 55, likita zai yi tunanin ƙwayar cutar burusela ta karnuka, wadda aka gano a Amurka a 1966. Tana yaɗuwa ta barbara, tana lalata haihuwar namiji da mace, tana kuma iya kama mutum. A garin da namiji ɗaya mai farin jini ke karɓar mata daga unguwanni da yawa, gwada shi kafin barbara ba almubazzaranci ba ne. Ta barbara ce kuma ake ɗaukar tsiron nan mai zubar jini da ke fitowa a gaban karnuka, wanda ke warkewa idan an kai asibiti.

Na huɗun shi ne mai kisa: taruwar mugunya a mahaifa. Yana zuwa ne a cikin makonnin nan na bayan jini, daidai lokacin da ake sa ran ciki, domin furojestaron yakan rufe bakin mahaifa ya kuma raunana kariyarta. Ciki ya kumbura, karya ta ƙi abinci, mai ita yana murna. Alamun da ke raba shi da sauran su ne yawan shan ruwa da yawan fitsari, amai, tsananin kasala, wani lokaci da ruwa mai wari daga gaba. Idan bakin mahaifar a rufe yake ba a ganin ruwan, kuma wannan ya fi haɗari. Ya fi kama waɗanda suka manyanta, har wani bincike da aka yi a Suwidin aka wallafa a 2001 ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na karnuka mata da ba a cire wa mahaifa ba sun kamu kafin su cika shekara 10. Amma ƙanana ma ba su tsira ba, musamman waɗanda aka yi wa allurar hana ɗaukar ciki. Wannan ba abin jira ba ne ko na kwana ɗaya, galibi tiyata ce ke ceton rai.

Yadda ake kula da mai cikin ƙarya

Idan an tabbatar babu ciki kuma babu mugunya, babban magani shi ne haƙuri. Kuskuren da aka fi yi shi ne tatsar nonon don a rage mata nauyi. Tatsa tana gaya wa jiki akwai mai sha, sai ya ƙara kawowa. Gasa nonon da ruwan ɗumi ma haka yake. Idan ita ce ke lasar kanta, a sa mata riga ko abin wuya mai hana ta kaiwa. A ɗauke abubuwan da take reno lokacin da ba ta wurin, a yawaita fita da ita yawo don hankalinta ya ɗauku. Kada a hana ta ruwan sha. Nonon da ya yi ja, ya yi tauri da zafi, ko yake fitar da ruwa mai jini, ya kamu da ciwo, sai asibiti.

Idan abin ya tsananta ko ya wuce mako 3, likita na da maganin da ke danne furolaktin, irin su kabagolin, wanda ake bayarwa na kwana 5 zuwa 7. Nan ne gwaji ya zama dole, domin maganin da ke busar da nonon ƙarya shi ne kuma ke zubar da cikin gaskiya. Wanda ya sayo shi bisa shawarar aboki yana iya kashe 'ya'yan da ya kashe kuɗi yana jira. Haka allurar tazarar haihuwa ta mata ba ta karnuka ba ce, tana buɗe ƙofar mugunyar mahaifa. Idan barbarar kuskure ce aka yi, akwai allura ta musamman da likita ke yi sau biyu da tazarar awa 24.

Akwai kuma batun faɗa. Filato na cikin wuraren da ciwon haukan kare bai ƙare ba, kuma a Vom ake gwada kawunan karnukan da ake zargi. Tsoron mutane yana da hujja. Sai dai karyar da ke tsare silifas tana gurnani a kan shimfiɗarta, tana shan ruwa, tana gane mai ita, tana da katin rigakafi na shekara, ba ita ce mahaukaciya ba. A hana yara zuwa kusa da ita, a killace ta, a kira likita. Duka ba ya cire furolaktin daga jini. Idan kuwa ta ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti nan take, a kuma tsare ta a sa mata ido na kwana 10. Wannan ƙa'ida ba ta canzawa don ana zaton cikin ƙarya ne.

Idan cikin na gaskiya ne

Jinin farko ba izinin barbara ba ne. Karya mai wata 8 tana iya ɗaukar ciki, amma ita kanta ba ta gama girma ba, balle Kokeshiyan ko Bowabul da ƙashinsu ke ci gaba da ginuwa har wajen shekara 2. Irin wannan uwa ta fi shiga wahalar naƙuda, ta fi kuma yin watsi da 'ya'ya ko danne su. Ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya ba ta yi wa 'ya'yan da aka yi wa uwarsu barbara kafin ta cika shekara 1 rajista. Shawarar likitoci ga manyan iri ita ce a bari sai jini na biyu ko na uku. Gaggawar mayar da kuɗin da aka sayo ta ita ce ke gajarta rayuwar jarin.

Idan ta riga ta ɗauka, ba a ƙara mata abinci a makonnin farko. Girman 'yan tayi yana zuwa ne a mako 3 na ƙarshe, a nan ake ƙarawa a hankali, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ba a ba ta ƙwayar kalshiyam kafin haihuwa sai da umarnin likita, domin tana iya jawo jijjiga bayan ta fara shayarwa. Zafin jikin kare yana tsakanin digiri 38 da 39, idan ya sauka zuwa wajen 37, naƙuda na tafe cikin kwana guda. Nishi mai ƙarfi na minti 30 babu ɗa, ko koren ruwa kafin na farko ya fito, ko dogon shiru bayan an san da saura a ciki, duk kira ne na gaggawa. Allurar naƙuda a hannun wanda bai san ko ɗa ya gitta ba tana iya fasa mahaifa. Sannan ga sanyin Jos: jaririn kwikwiyo ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa a makon farko, yana buƙatar wuri mai zafin kusan digiri 30. Haihuwar Disamba ko Janairu a kan siminti ba tare da shimfiɗa da abin ɗumama ɗaki ba asara ce da aka gani tana zuwa.

Wanda ba ya son haihuwa kwata-kwata, tiyatar cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai tana kawo ƙarshen cikin ƙarya da mugunyar mahaifa gaba ɗaya. Amma tana da lokacinta. Idan aka yi ta cikin wata 2 na bayan jini, furojestaron zai faɗi farat ɗaya, tiyatar da kanta ta tayar da cikin ƙaryan da ake gudu. Ana jira wata 3 zuwa 4 bayan jinin, nono kuma ya bushe sarai. Shekarun da suka dace a yi ta sun danganta da irin karen, domin binciken Jami'ar Kalifoniya da ke Davis tun daga 2013 ya nuna yin ta da wuri yana ƙara ciwon gaɓoɓi a wasu manyan iri.

Gyaran da harkar ke buƙata a Jos bai fi ƙarfin kowa ba. Mai karya ya rubuta ranar jini da ranar barbara. Kada a karɓi kafin alƙalami sai sikanin ya nuna bugun zuciya. Mai namiji da mai mace su yi magana tun farko a kan abin da za a yi idan ba ta ɗauka ba, sake barbara ko mayar da wani kaso. Likitocin Vom da na Jami'ar Jos kuma suna da dama a hannunsu duk ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, lokacin da ake kiran masu karnuka su kawo su rigakafi. Bayani na minti goma da Hausa a wurin, ko a rediyon PRTV, zai kai ga mafarauci da mai gadi da matashin da ya fara kiwo jiya. Dabbar da aka ɗaure a gida tana gadin mutum da dukiyarsa amana ce, kuma mafi ƙarancin haƙƙinta shi ne a bincika abin da ke damunta kafin a yanke mata hukunci.